Tsakanin Ruwa da Ruwa: Gyaran Rufin Shago a Korgom

A Korgom, cikin gundumar Tasawa ta jihar Maraɗi, hadari daga gabas yake tasowa, kuma kafin ɗigon farko ya taɓa ƙasa iska ce ke fara isowa da jan ƙura. Ita ce mai ɓarnar. Tana samun bakin kwanon da ƙusarsa ta saki, sai ta shiga ƙarƙashinsa ta ɗaga, ta bi layi tana ɓalle sauran. Gari na wayewa za ka ga mai shago yana bin gonakin bayan gari yana neman rufinsa a cikin shukar gero.

Lokacin da abin ke faruwa shi ne ke ƙara masa zafi. Daga Yuni zuwa Satumba rumbuna sun yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, gidaje da yawa awo suke yi a shago ko a mangazar 'yan kasuwa, wasu ma bashi. Buhun gero da ya sha ruwa yakan yi tsiro ko ya yi fumfuna, sukari ya narke, siminti ya daskare, taki ya dunƙule. Saboda haka rufin mangaza ɗaya idan ya yaye, unguwa guda ce za ta ji a tukunyarta.

Shi ya sa ba a jiran a kira kowa. Maƙwabta na cewa "Alhaji, Allah ya mayar da alheri", hannunsu na kan buhu. A kwashe kaya da amalanke zuwa zauren wani, a baje wanda ya jiƙe a rana, a ja tamfol ko babbar leda a rufe saman, a danne da tubali da tsofaffin tayoyi. Wannan rufin kwana biyu ne, kowa ya sani, domin a tsakiyar damina ruwa ba ya ba da dogon hutu.

Sai kafinta, wanda a irin wannan safiya kowa ke nemansa, ga shi kuma shi ma manomi ne, gonarsa na jiran noma. Yana hawa, katako yake fara ƙwanƙwasawa da guduma; idan ya yi ƙarar fanko, gara ta gama da cikinsa, kuma ƙusa ba ta kama ruɓaɓɓen itace. Kwanon da aka tsinto a shimfiɗa shi a ƙasa a buge shi ya miƙe, a toshe tsofaffin hudojinsa da kwalta. Gwani a kan tudun kwano yake buga ƙusa, ba a cikin kwarin da ruwa ke bi ba, yana sa mata 'yar robar da ya yanko daga tsohon tif na babur. Babban aikin kuwa ido ba ya ganinsa daga ƙasa: ɗaure katako da waya ko rodi a cusa cikin bango, sannan a ɗora layin bulo a kan gefen kwanon don iska ta rasa wurin sa hannu. A ganina nan ne ake yawan yin asara. Mai shago ya yi tsimin kuɗin waya da ƙusa a bazara, ya zo ya biya da buhunan hatsi a Agusta.

Shagon soro nasa ciwon daban. Iska ba ta ɗaukarsa, amma indararo na toshewa, ruwa ya kwanta a sama, ya ratsa ƙasa har ya kai ga azara. Magini zai hau ya fasa wurin, ya sake yaɓe. Azarar giginya ce dai ta yi wuya, sai da tsada.

Daminar 2024 ta nuna iyakar ginin ƙasa. A ranar 30 ga Agusta ruwa kamar da bakin ƙwarya ya sauka a birnin Maraɗi, aka rasa rayuka, kwanaki kaɗan bayan haka tsohon masallacin Damagaram ya rushe. An ɗage komawa makarantu zuwa 28 ga Oktoba, gwamnati kuma ta rage farashin siminti da kashi 35 cikin 100. Ragin ya taimaki mai sake bango, amma kwano da katako da ƙusa sai an sayo su daga Tasawa ko Maraɗi, ko daga kasuwannin Najeriya, inda farashi ke bin hawa da saukar naira a kan sefa, ga kuɗin mota a hanyar da ruwa ya ɓata.

Inshora ba abin da ƙaramin ɗan kasuwar ƙauye ya sani ba ne. Kuɗin gyara daga adashe suke fitowa, ko a sayar da akuya, ko ɗan'uwa da ke ci-rani a Kano ko Aljeriya ya turo. Kafinta yakan karɓi rabin ladarsa a hannu, sauran kuma a yi alkawari sai kaka, idan an sayar da wake da gyaɗa.