Tsohuwar Land Rover: abin da ya kamata a sani kafin a sayi kayan gyaranta

Wanda ya gaji tsohuwar Land Rover, ko ya saye ta a gwanjo, yakan ji magana guda a garejin Maraɗi: "kayanta sun ƙare a duniya". Ba haka ba ne. Kamfanin ya fara ƙera ta a Ingila a 1948, ya daina fitar da tsohon samfurin Defender a watan Janairun 2016, amma har gobe ana ƙera kayanta sababbi. Haka abin yake ga MGB, ƙaramar motar nan ta gudu da aka ƙera daga 1962 zuwa 1980: har gangar jikinta ana iya saye sabuwa. Abin da ya fi cinye kuɗin mai mota shi ne sayo abin da ba na motarsa ba.

Mataki na farko shi ne sanin wace ce motar. Series II ta fito a 1958, IIA a 1961, Series III daga 1971 zuwa 1985. A ido sun yi kama, amma cikinsu ya bambanta. Akwai kuma wadda kamfanin Santana ya ƙera a Spaniya, wadda wasu kayanta ba sa shiga ta Ingila. Lambar shasi ce ke raba gardama. A karanta ta a jikin ƙarfen motar, a gwada da ta takardu. A duba lambar injin daban, domin motar da ta shekara 40 tana aiki da wuya a ce ba a taɓa canza mata inji ba.

Na biyu, awo. Yawancin kusoshi da notocin tsofaffin motocin Ingila da inci aka auna su, alhali sifanun da ke garejinmu na milimita ne. Idan makanike ya matsa sifanar da ba daidai ba, kan noti ya lalace. Idan ya cusa kusar milimita a ramin inci, zaren ya tafi. A wajajen 1980 kamfanin ya sake fasalin injinsa mai lita 2.25 ya koma milimita, don haka injuna biyu masu suna ɗaya na iya ƙin karɓar kayan juna.

Wuta ma tana da tarko. Motocin da suka fito kafin 1967, wayar batir mai alamar tarawa ce ake ɗaurewa a jikin mota, akasin motocin yau. Wanda bai bincika ba ya sa mata rediyo ko sabon dainamo, zai iya ƙone su nan take. Haka sitiyari: Najeriya ba ta koma tuƙi a hannun dama ba sai 1972, shi ya sa akan tarar da tsofaffin motoci masu sitiyari a dama, kuma wasu kayan tuƙinsu ba su dace da mai sitiyari a hagu ba.

Ina ake samun kayan? Masu garejin Maraɗi sun saba bin hanyar Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina, su wuce kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, inda ake sayar da sabo da na hannu. Wanda zai je ya tafi da tsohon abin da aka cire, a gwada a gabansa. Wanda zai yi odar daga Turai ta intanet kuwa, ya nemi lambar kayan, irin masu farawa da RTC, ERR ko STC. Ya sani kuma kaya hawa uku ne: mai tambarin Land Rover, na kamfanin da ya ƙera mata tun asali, da kwaikwayo mai araha. Ya lissafa kuɗin jigila da na duwan tun kafin ya biya. Rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya nuna yadda mota ke iya yin watanni a kan duwatsu tana jiran abin da bai fi tafin hannu ba.

Ba komai ne sai an sayo ba. Mai walda na iya gyara shasi, tunda ƙarfe ne, kuma shi ke tsatsa. Jikin motar alminiyam ne, yana son wanda ya iya aikinsa. Sifirin, lagireto da kujeru duk ana gyara su a nan gida.

Inda ba a neman araha shi ne birki da sitiyari. Robobin birki na hannu ko na kwaikwayo na iya saki ba gargaɗi, kuma zuba man inji a madadin man birki yana kumbura su. Motar da za ta ɗauko mutane da buhunan gero daga Tibiri ko Jiratawa ranar kasuwa, a sa mata sababbin robobi masu kyau, a gwada birkin a fili kafin a yi mata lodi.