Ma'aikatan Kududdufi Masu Gudun Rana

Ya ku ɗalibai da iyayenmu, duk wanda ya bi ta bakin kwatami a Gusau ko Tsafe ko Bungudu ya san zarnin da ke tashi. Wannan zarni amoniya ce, daga sinadarin nitrojin da ke cikin fitsari da bayan gida. To wa ke wanke ruwan nan kafin ya gangara Gulbin Sakkwato ko ya tsuma cikin ƙasa?

Allah cikin hikimarsa Ya halicci wasu ƙwayoyin bakteriya, ido ba ya ganinsu, ba kuma cuta suke sawa ba. Wani Barashe, Winogradsky, ya bayyana aikinsu a 1890. Kashi na farko suna juya amoniya ta zama nitrait, na biyu su juya nitrait ya zama nitret, wasu kuma can cikin taɓo su mayar da shi iska ya tashi sama.

Abin mamaki, kashi biyun farko ba su shiri da hasken rana. In ya yi ƙarfi, musamman shuɗin haske da wanda ke ƙona fata, sai aikinsu ya yi sanyi. Shi ya sa suke laɓewa a jikin duwatsu da laka da saiwoyin kainuwa. Sau da yawa kashi na biyu sun fi jin jiki, sai nitrait ya taru ba mai kwashewa. Ranar da ke kashe ƙwayoyin cuta a saman ruwa, ita ce ke hana waɗannan bayin Allah aiki.

A Ishmawi mun karanta cewa ana duba ruwa ta launi da ɗanɗano da wari. Wannan hukuncin tsarki ne, ku riƙe shi da kyau. Amma hukuncin alwala daban, na cikin jinjiri daban, don ido da hanci ba su gane nitret. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka, miligiram 50 a lita ɗaya. In ya zarce, jinin jariri na iya kasa ɗaukar iska, leɓɓansa su yi shuɗi. Tafasawa ba ta fitar da shi, ƙara shi ma take yi in ruwan ya ƙone.

Saboda haka iyaye mata, in rijiyarku na daf da masai ko kududdufi, kada a dama wa jinjiri koko da ruwanta.