Duniyar da Babu Ita, da Mas'alar Ba Ta Babi a Kundin Ilmi

Sa'ad da Yaƙutul Hamawi, wanda ya rasu a Halab cikin shekarar 1229, yake tsara littafinsa Mu'ujamul Buldan, inda ya jera sunayen garuruwa da duwatsu da koguna bisa jerin baƙaƙen Larabci, sai ya iso kan wani suna da ya daɗe yana yawo a bakin masu hikaya, wato Madinatun Nuhasi, Birnin Tagulla, wanda aka ce yana can ƙuryar yamma, ba shi da ƙofa, kuma duk wanda ya hau ganuwarsa ya leƙa sai ya faɗa ciki, ba a sake jin ɗuriyarsa. Malamin bai gaskata labarin ba, bai kuwa tsallake shi ba. Ya ba birnin gurbinsa, ya sanar da mai karatu cewa ƙissar ta yi nisa da inganci, shi dai abin da ya tarar cikin sanannun littattafai ya naƙalto, alhakinta ba ya wuyansa. Ibnu Haldun kuwa, da ya zo bayansa da kamar ƙarni ɗaya da rabi, ya kawo labarin cikin Muƙaddima don ya zama misalin abin da hankali ba ya karɓa, ya kafa hujja da cewa matafiya da jagororin ayari sun ratsa hamadar da aka ce birnin yake ba su taɓa cin karo da shi ba.

Wannan tsohuwar mas'ala, ta yadda mai tattara ilmi zai yi da wurin da kowa ya ji labarinsa alhali babu shi, ita ce ta sake tasowa a zamaninmu cikin Wikipedia, kundin ilmin nan na intanet da Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe ranar 15 ga Janairun 2001, wanda 'yan sa-kai ke rubutawa, kuma yana da sashen Hausa. Marubuta ƙagaggun labarai da masu shirya fina-finai sun ƙirƙiro duniyoyi bila adadin a sararin samaniya, kowace da sunanta da al'ummarta da tarihin yaƙe-yaƙenta, masoyansu kuma, waɗanda suka haddace waɗannan abubuwa kamar yadda ɗalibi ke haddace matani, suna so kowace duniya ta sami babinta. Da yake kundin ba takarda ba ne, balle a ce warƙa za ta ƙare ko tawada ta yi tsada, sai wasu suka ce mene ne abin hanawa, wasu kuma suka ce idan aka bar ƙofar a buɗe, mai neman sani ba zai ƙara bambance ilmi da tatsuniya ba.

Ƙa'idar da aka tsaya a kanta, wadda a ganina ita ce daidai, ba ta tambayar ko abu ya wanzu. Abin da take tambaya shi ne ko akwai waɗanda suka yi magana mai zurfi a kansa, cikin rubutun da aka amince da shi, kuma ba su da hannu cikin ƙirƙirarsa ko cin ribarsa. Duk wanda ya karanta babin shaida a littattafan fiƙihun Malikiyya ya san ba a karɓar shaidar uba ga ɗansa, ba domin an ce uban maƙaryaci ne ba, sai domin kusancin da ke tsakaninsu ya isa ya jawo tuhuma. To, haka littafin da aka ƙirƙiro duniyar a cikinsa, da fim ɗin, da kundin bayanin da kamfanin ya buga don sayarwa, duk iyayen abin ne, za su iya gaya mana me labarin ya ƙunsa, amma ba su isa su shaidi cancantarsa ba. Ana neman mai sharhi na waje: malamin jami'a da ya yi nazari, ɗan jaridar da ya yi bincike, masanin kimiyyar da ya ga dalilin ambato. Akwai kuma wani sharaɗi da yake yi wa masoya ɗaci, cewa cancanta ba a gadonta, wato shaharar fim ba ta wajabta wa kowane dutse da ya bayyana cikinsa babi na kansa.

Cewa rashin wanzuwa ba shi ne aibi ba, ƙissar Vulcan ta isa dalili. Masanin falakin nan na Faransa, Urbain Le Verrier, wanda lissafinsa ya kai ga gano duniyar Neptune cikin 1846, ya lura tafiyar Uɗaridu, duniyar da ta fi kowace kusa da rana, tana da wata 'yar karkata da lissafi ya kasa warwarewa, sai cikin 1859 ya ɗora alhakin a kan wani jiki da ba a gani ba tsakaninta da rana. Wani likita mai sha'awar duban taurari ya ce ai ya ga abin yana ƙetare fuskar rana, aka raɗa wa duniyar suna Vulcan, masana suka yi shekaru suna dakon husufin rana don su hango ta, har 1915, sa'ad da Albert Einstein ya bayyana karkatar da sabon nazarinsa, ya zama babu sauran bukatar wata ɓoyayyiyar duniya. Babu Vulcan, ba a kuma taɓa yin ta ba, amma ba mai hankalin da zai hana ta babi, domin neman da aka yi mata sashe ne na tarihin ilmin falaki.

Cikin duniyoyin da aka ƙaga da gangan, Tatooine ce hujjarta ta fi kowace ƙarfi. Ita ce busasshiyar duniya mai rana biyu da George Lucas ya nuna cikin fim ɗin Star Wars na 1977, kuma sawunta a doron ƙasarmu ana iya bin sa da ƙafa. A kudancin Tunisiya aka ɗauki hotunanta tun 1976, sunanta ma daga garin Tatawin na can aka samo shi. Gidan da jarumin labarin ya tashi a ciki wani masauki ne a Matmata, cikin irin gidajen da Barbar na wurin ke yi tun kakanni: a haƙa rami mai faɗi kamar tsakar gida, a sassaƙa ɗakuna a jikin bangonsa, a shafe da farar ƙasa, mutum ya sauka ciki ya sami sanyi alhali waje rana na ƙuna. Har yau baƙi na zuwa ganin wurin. Wani garin wasan da aka gina daga baya kusa da Tozeur, aka tafi aka bar shi a hamada, ya zama wa masana ma'auni, domin sun bi hotunan sama na shekaru suna auna yadda wani tulin rairayi ke matsowa gine-ginen, kimanin mita 15 a shekara, suka wallafa sakamakon cikin 2013. Sa'an nan cikin 2011, da na'urar hangen nesa ta Kepler ta gano wata duniya ta haƙiƙa mai kewaya taurari biyu, aka sa mata Kepler-16b, sai masana da jaridu suka riƙa kiranta da laƙabin Tatooine don jama'a su gane abin da ake nufi. Duk wannan ana iya rubuta shi ba tare da an buɗe bakin ko ɗaya daga mutanen fim ɗin ba, kuma shi ne abin da ake nema.

Arrakis, duniyar rairayi ta littafin Dune da Frank Herbert ya fitar cikin 1965, ita ma ta tsallake, domin an yi rubutu mai yawa kan yadda marubucin ya samo tunaninta daga aikin tsayar da rairayi da ciyawa da ya gani a gaɓar Oregon ta Amurka, da yadda ya ari lafuzzan Larabci da aƙidar zuwan Mahadi ya ɗora wa mazauna hamadarta, har ƙungiyar masana falaki ta duniya ta sa wa wani fili a Titan, babban watan Zuhalu, sunanta.

Matsalar tana ga ƙanana, waɗanda sun fi yawa nesa ba kusa ba. Idan wani edita ya ga babin wata duniya wanda ba kome a cikinsa sai labarin sarakunanta da nisanta daga wata tauraruwar ƙage, yana iya gabatar da shi don a goge, sai a liƙa sanarwa a saman shafin, a buɗe muhawara ta kwana 7. Kowa ya zo ya rubuta ra'ayinsa da kalma ɗaya mai kauri, a ajiye, ko a goge, ko a haɗe, sa'an nan ya biyo da dalili. Wani masoyi ya kawo madogara uku yana murna; wani ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya nuna ta farko littafin kamfanin ne, ta biyu ta ambaci sunan ne cikin jumla guda ta wuce, ta uku kuwa jerin nan ne na nishaɗi da jaridu kan yi don cika shafi. Ba ƙuri'a ake kaɗawa ba, ko da yake sababbin zuwa sukan zaci haka, su gayyato abokai. Mai rufe muhawarar nauyin hujja yake dubawa, don haka mutum goma masu cewa duniyar tana burge su ba su rinjayi mutum ɗaya da ya kawo babi guda daga littafin nazari.

Sau da yawa ba a gogewa, sai a haɗe: a tsame abin da ke da madogara, a kai shi cikin jeri guda, kamar jerin duniyoyi da watannin Star Wars, a bar tsohon sunan yana tura mai nema zuwa can. Haka aka yi wa mafi yawan halittun wasan Pokémon cikin 2007, bayan an daɗe ana kafa hujja da su cewa in sun sami babi, kowa ma ya samu. Wani lokaci kuma haɗewa ta fi dacewa ko da akwai sharhi jingim, kamar Solaris ta Stanisław Lem, marubucin Poland, wadda teku mai alamar hankali ya lulluɓe: duk abin da za a faɗa game da duniyar, game da littafin na 1961 aka faɗe shi, raba su kuwa raba magana ɗaya ne gida biyu. Masu son tafsili marar iyaka sun sami nasu zauren, domin tun 2005 masoyan Star Wars suka kafa Wookieepedia, inda ake rubuta tarihin kowace duniya kamar da gaske ta faru, ba wanda zai tambaye su shaidar waje.

Abin da ke damuna cikin lamarin shi ne gaggawar masu gogewa. Ƙa'idar kundin ta ɗora wa mai gabatar da ƙara nauyin ya fara bincike tukuna, amma bincike a wurin mutane da dama bai wuce su rubuta suna cikin Google da Turanci su duba shafin farko ba, alhali nazarin da ake nema yana iya kasancewa cikin mujallar da ba ta taɓa hawa intanet ba, ko cikin harshen Rasha ko Japan ko Larabci, kuma kundin da kansa ya yarda madogara ba dole ta zama ta Turanci ba. Duniyar da marubucin Amurka ya ƙaga tana da jaridu da jami'o'i masu jiran su yi mata sharhi. Wadda marubucin ƙaramin harshe ya ƙaga, ko ta fi ta hikima, masu shaidarta kaɗan ne, rubutunsu kuma yana cikin kundayen digiri da ke jibge a ɗakunan karatu. Saboda haka, inda aka yi shakka, na fi son a haɗe da a goge, domin shafin da aka haɗe tarihinsa na nan kowa na iya dubawa, ranar da wani ya zo da madogarar da ta ɓace sai a maido da shi yadda yake, amma wanda aka goge sai masu gudanarwa kaɗai ke iya ganinsa, kuma yaron da ya kwana yana rubuta shi da wuya ya sake dawowa ya rubuta wani.