Matafiyan da Ba Su Dawo Ba: Wa Ke Riƙe da Lissafinsu?

Wanda ya zauna a ƙofar Hubbaren Shehu a Sakkwato zai ga maziyarta daga nesa, kowa da ƙurar hanyarsa. Tafiya don ibada, ilimi ko fatauci tsohuwar al'adarmu ce. Sai dai a 'yan shekarun nan, a wasu hanyoyin Nijeriya, hula da gemu da harshen Hausa kan jawo wa matafiyi ajalinsa.

Ranar 14 ga Agustan 2021 aka tare motocin Musulmi a hanyar Rukuba da ke Jos, suna dawowa daga taron zikiri a Bauchi, aka kashe fiye da 20. A Mayun 2022 aka harbe wata mai juna biyu da 'ya'yanta huɗu a Anambra. A Maris na 2025 aka hallaka mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo, suna hanyar Kano yin Sallah.

Dalilan a cakuɗe suke. Ta'asar Boko Haram da masu garkuwa da mutane ta sa ana yi wa 'yan Arewa kuɗin goro. Jita-jitar WhatsApp tana rura wutar, 'yan sintiri marasa horo suna yanke hukunci a bakin titi, shari'a kuma tana tafiyar hawainiya. Inda addini, ƙabila da tsoro suka sarƙe haka, sai da bincike ake gane wanne ya fi tasiri.

Illar ba ta tsayawa kan mamatan. Bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan a 2021, fataken abinci da dabbobi sun daina kai kaya Kudu na 'yan kwanaki, farashi ya tashi. Baƙin da ke Arewa sukan kwana da fargabar ramuwar gayya, marayu kuma a manta da su da zarar an watse daga zaman makoki.

A Birtaniya, tun 2012 ƙungiyar Tell MAMA ke karɓar ƙorafin Musulmin da aka ci wa zarafi, tana adana bayanai, tana haɗa su da 'yan sanda. Mu kuwa mun fi ƙwarewa a sanarwar Allah wadai.

Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ne ke jagorantar Jama'atu Nasril Islam da Majalisar Ƙoli ta Harkokin Musulunci, masu rassa a faɗin ƙasa. Suna iya buɗe rajista mai tantance kowane rahoto, da lauyoyi masu bin shari'a, da asusun marayu. Sharaɗin shi ne adalci: kisan wata ɗaliba Kirista a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a 2022, wanda fadar Sarkin Musulmi ta yi tir da shi, dole ya shiga lissafi. Rajistar da ta ɓoye laifin gida, maƙwabci ba zai gaskata ta ba ranar da muka kai masa kukanmu.