Abin da Ke Lanƙwasa Ƙwallo: Daga Sunukar Ɗanbatta Zuwa Bolin na Amurka

Duk wanda ya saba riƙe sandar sunuka a Ɗanbatta ya san tebur ɗaya hali biyu gare shi. Da damina ƙyalle kan sha danshi, ƙwallo ta yi nauyi, ta tsaya ba ta kai inda aka aike ta ba. Da hunturu kuwa, in dai an share ƙura, sai ta zarce. Samari kan ɗora laifin a kan sanda, ko su ce yau hannu ne ya ƙi. Ni na fi zargin wurin da ba mai kallo, wato ɗan gurbin da bayan ƙwallo ke taɓa ƙyalle.

Ƙanena yana da tebur a wata rumfa, kuma ran Lahadi, ranar kasuwa, sai ka bi layi kafin ka sami sanda. Akwai bugun da yaran ke ji da shi. Farar ƙwallo ta maƙale bayan wata, babu hanya. Sai mai bugu ya goga alli, ya ɗaga gindin sanda, ya soki farar a gefe. Ta fita tana juyi, ta ɗan zame, sannan ta karkato ta kewaye wadda ta tare ta. Juyin daga hannu yake, amma ƙyalle ne ke cafke ƙwallon ya mai da juyin lanƙwasa. A kan sabon ƙyalle mai santsi sai ta yi nisa kafin ta karkata. A kan tsoho mai datti, nan take ake kama ta.

Na taɓa ce wa ƙanena ya riƙa wanke ƙwallayen. Ya ce, "Haba Yaya, ƙwallo ce fa, ba kwanon tuwo ba." Alhali ƙura da garin alli da gumin hannu in suka taru a bayanta, idan ta haɗu da 'yar'uwarta sai su ɗan cije juna, wadda aka nufa ta kauce wa rami da kaɗan. Kayan da aka yi ƙwallon da shi ma yana da nasa tasirin. Da can da hauren giwa ake yin ƙwallayen, kuma haure na cikin kayan da ayari ke ɗauka daga Kano zuwa Tarabulus a ƙarni na 19. Tsadarsa ce ta sa John Wesley Hyatt na Amurka ya shiga neman madadi a shekarun 1860. Yau na gasa, irin Aramith da ake yi a Beljiyam, wani ƙaro ne mai tsananin tauri. Masu araha kan karce da wuri, karcen kuma ya riƙe datti.

Inda aka kai wannan lamari maƙura shi ne wasan bolin, wanda Amurkawa ke so sosai. Ƙwallo ce mai ramukan yatsu 3, nauyinta kan kai kilo 7 da 'yan kai. Ana gangara ta a kan dandamali mai tsawon ƙafa 60 don ta kayar da sanduna 10 masu siffar kwalba. Baƙo in ya gani sai ya ɗauka jifa sak ake so. Gwanaye ba haka suke yi ba. Sukan saki ƙwallon ta gefe tana juyi, ta yi kamar za ta faɗa kwata, sai can kusa da ƙarshe ta karyo ta shiga tsakanin sandar gaba da ta kusa da ita. Shigar karkace ita ke sa sandunan su yi ta doke juna har su zube duka.

Sirrin yana ƙasa. Ana shafa mai a kan kusan ƙafa 40 na farko, a bar sauran a bushe. A kan mai ƙwallo zamewa take, juyinta bai tsinana komai. Tana taka busasshen wuri sai ta ciji ƙasa ta juyo. Mai babur da ya fito daga taɓo ya hau kwalta ya san wannan kamun.

Saboda haka tarihin ƙwallon bolin kusan tarihin fatarta ne. Da katako aka fara. A 1905 ta roba ta fito. Wajen ƙarshen shekarun 1950 aka kawo ta filastik, mai tauri da sheƙi, wadda ba ta cika lanƙwasa ba. Har yau ana riƙe ta don tsintar sandar da ta rage a lungu. Farkon shekarun 1980 aka sami yuretan, mai kama ƙasa da wuri yana karkata a hankali. Farkon shekarun 1990 kuma aka zo da fata mai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, mai tsotse man da ta kwaso, ta iso busasshen wuri da ƙarfinta ta karye kwana lokaci guda.

Labarin da ya fi burge ni na Don McCune ne. A 1973 ya gano in ya jiƙa ƙwallon filastik a wani sinadari fatarta kan yi laushi ta ƙara kamu. Gasa 6 ya ci a shekarar, aka ba shi gwarzon ƙwararru. Babu dokar da ya karya, don ba a yi ta ba tukuna. A ganina wayo ne na halal, amma hukumomi ba su bari ya ɗore ba: suka yanka iyakar laushin da aka yarda da shi, ana aunawa da na'ura.

A 2008 hukumar bolin ta Amurka, USBC, ta fitar da sakamakon bincikenta a kan tafiyar ƙwallo, kuma kaushin fata ne ya zo kan gaba, ya sha gaban ƙullin nauyin da ke cikinta. Shi ya sa ɗan wasa ke yawo da samfefa iri-iri. In mai ya yi yawa, ya goge ƙwallon da samfefa mai kaushi don ta kama da wuri. In dandamali ya bushe, ya sa mai laushi ko ya goge ta ta yi ƙyalli. Duk wannan kafin a fara gasa ne. Da an fara, daga 2019 zuwa yau, busasshen tawul kawai doka ta yarda ya taɓa ta.