Nukiliya Ba Bam Kaɗai Ba Ce

Da an ce nukiliya, abin da ke faɗo wa yawancinmu a rai shi ne bam ɗin da Amurka ta jefa a Hiroshima a 1945. Amma ilimin ya fi haka faɗi, kuma yana kusa da mu.

Komai na duniya an gina shi da ƙwayoyin zarra waɗanda ido ba ya gani. Wasu, kamar na yuraniyom da ake haƙowa a Arlit ta ƙasar Nijar, suna fitar da wani ƙarfi mai ratsa jiki da ake kira radiyeshan. Hoton ƙashi da ake ɗauka a asibiti ma da wani nau'in radiyeshan ake yin sa. Idan ya yi yawa yana cutarwa, shi ya sa ake son mai ciki ta sanar da likita kafin a ɗauke ta hoton.

A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya akwai ƙaramar na'urar nukiliya da ta fara aiki a 2004. Ba wutar lantarki take bayarwa ba. Da ita ake gano sinadaran da ke cikin ƙasar noma, duwatsu da abinci.

Mu 'ya'yan manoman Kankiya da Kusada muna da tambayoyi. Me wannan na'ura za ta gano a ƙasar gonakinmu? Yaya ma'aikatanta suke kare kansu? Waɗanne darussa za mu riƙe mu kai can? Muna roƙon malamanmu na kimiyya su shirya mana ziyara Zariya, mu ji daga bakin masana.