Lupus: Lokacin da Garkuwar Jiki Ta Juya Wa Mai Ita

A tsofaffin unguwannin Maiduguri irin su Limanti, da ke tsakiyar birnin Yerwa kusa da fadar Shehu, idan mace ta kwanta da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, abu biyu ake fara zargi: maleriya ko taifot. A je kemis a karɓo magani, jiki ya ɗan yi sauƙi, bayan wata guda ciwo ya dawo. In abin ya daɗe, sai a koma zancen sanyi, ko sammu, ko iska. Galibi zargin farko daidai ne, domin maleriya ce ta fi yawa. Amma a cikin waɗannan mata akwai 'yan kaɗan da ke ɗauke da cutar lupus, kuma kowace shekara da ta wuce ba a gano ta ba, ƙodarsu ce ke biyan bashin.

Lupus ba ƙwayar cuta ce ke kawo ta ba. Ba sauro, ba gurɓataccen ruwa, ba a kuma ɗaukar ta daga wani, ko da miji da mata ne. Matsalar daga garkuwar jiki take. Aikin garkuwar jiki shi ne gane baƙo daga ɗan gida, ta kai wa baƙon hari. A jikin mai lupus wannan ganewar ce ke lalacewa, kamar 'yan sintirin unguwa da suka daina tantance ɓarawo, suka koma dukan masu gida. Jiki sai ya riƙa ƙera sinadaran kariya masu kai hari kan ƙwayoyin halittarsa. Waɗannan sinadarai suna dunƙulewa su bi jini, su maƙale a fata, da gaɓoɓi, da matatar ƙoda, su haddasa kumburi duk inda suka sauka.

Ba dalili ɗaya ke tayar da ita ba. Akwai rabon gado, shi ya sa a kan same ta ga 'yan uwan jini, ko da yake yawancin 'ya'yan masu cutar ba sa kamuwa. Akwai kuma rabon sinadaran jikin mace: cikin kowane mutum goma masu lupus, kusan tara mata ne, kuma ta fi bayyana tsakanin shekara 15 zuwa 45, wato shekarun haihuwa. Sai abubuwan da ke tsokano ta ga wanda dama yana da shirin kamuwa, kamar shan taba, da wasu cututtuka, da hasken rana. Wannan na ƙarshen abin lura ne a garin da zafinsa ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Mai lupus na iya yin yini guda a Kasuwar Monday, ta wayi gari da ƙuraje a fuska da gaɓoɓi a sanƙare.

An daɗe ana ɗaukar cewa cutar ba ta da yawa a Afirka ta Yamma. A 1968 likita Brian Greenwood, wanda ya yi aiki a asibitin koyarwa na Ibadan kafin ya koma Zariya, ya rubuta cewa irin waɗannan cututtuka ba su cika bayyana ga 'yan Nijeriya ba, har ya yi hasashen cewa yawan maleriya na iya zama dalili. Abin mamakin shi ne, a Amurka da Ingila baƙaƙen mata sun fi fararen mata kamuwa da lupus, kuma tasu ta fi tsanani. Da aka fara samun likitocin gaɓoɓi a Nijeriya, irin su Farfesa Olufemi Adelowo a Legas, sai ga masu cutar suna ta fitowa. A ganina babban ɓangare na wancan ƙarancin rashin mai dubawa ne da rashin kayan gwaji.

Lupus iri-iri ce. Nau'in da ya fi yawa, kuma ya fi haɗari, shi ne mai game jiki. Akwai na fata kawai, wanda ke fitar da tabo mai zagaye a fuska ko kunne ko fatar kai, ya bar wurin ya yi fari ko baƙi, gashi kuma ba ya sake tsirowa a nan. Irinsa ne ya bar tabon da ke fuskar mawaƙin Ingila Seal, wanda mahaifiyarsa 'yar Nijeriya ce. A wajenmu a kan ɗauke shi makero ko ma kuturta, a guji mutum a banza. Wasu magunguna, kamar hydralazine na hawan jini da isoniazid na tarin fuka, kan jawo wani nau'in idan an daɗe ana sha, amma yana wucewa in likita ya sauya maganin. Akwai kuma na jarirai, wanda sinadaran uwa ke tsallakawa ta mahaifa su kawo. Ƙurajensa na ɓacewa cikin 'yan watanni, sai dai wani lokaci yana taɓa bugun zuciyar jaririn.

Alamun farko ba su da wani abin a-zo-a-gani: gajiyar da barci ba ya kawar da ita, zazzaɓi mai zuwa yana tafiya, ciwo da kumburin yatsu da wuyan hannu, musamman da safe, zubewar gashi, gyambon baki marar zafi sosai, ƙarancin jini. Littattafan likitanci suna yawan ambaton jan kurji mai siffar malam-buɗe-littafi da ke shimfiɗuwa a kan kumatu da karan hanci. Amma an siffanta shi ne a kan farar fata. A baƙar fata yakan fito da duhu ne, ba ja ba, kuma man bilicin da ke ɗauke da sinadarin sitiroyid yana iya dishe shi har likita ya kasa gani. Idan cutar ta shiga ciki, sai a ji sukar ƙirji lokacin jan numfashi, ko farfaɗiya, ko ruɗewar tunani. A nan ne iyali suka fi saurin cewa aljanu ne. Wasu matan kuma ɓari ne ke maimaituwa gare su, saboda jininsu na saurin daskarewa a mahaifa.

Ƙoda ce wurin da ya fi cancantar a sa ido, domin tana lalacewa ba tare da zafi ba. Kumburin fuska da safe, kumburin ƙafa, fitsari mai kumfa, hawan jini ga yarinya ƙarama: waɗannan ba na jira ba ne. Yankin Borno da Yobe ya riga ya yi suna wajen yawan ciwon ƙoda, kuma duk wanda ya san kuɗin wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako ya san cewa gwajin fitsari, mai arha da ake yi cikin minti kaɗan, ba asara ba ne.

Ba gwaji ɗaya ke tabbatar da lupus ba. Tun 1948, lokacin da Malcolm Hargraves ya gano wata ƙwayar jini ta musamman a jikin masu cutar a asibitin Mayo na Amurka, ake ta inganta hanyoyin bincike. Yau ana farawa da gwajin jini mai suna ANA, wanda kusan duk mai lupus ke nunawa, amma wasu masu lafiya ma suna nuna shi. Don haka sai ƙwararren likita ya haɗa shi da alamun jiki da wasu gwaje-gwajen, irin aikin da ake nema a babban asibiti kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri.

Cutar ba ta warkewa ɗungurungum, amma ana danne ta. Ginshiƙin maganinta shi ne hydroxychloroquine, ɗan uwan kulorakwin ɗin da muka sani na maleriya, tare da duba idanu lokaci-lokaci. Idan ta taso da ƙarfi a kan ƙara da prednisolone da wasu magungunan rage kaifin garkuwar jiki. Prednisolone na kawo sauƙi nan da nan, shi ya sa wasu ke ci gaba da sayensa a kemis da kansu, alhali daɗewa a kansa na jawo ciwon suga da hawan jini da raunin ƙashi, yanke shi kwatsam kuma na da nasa haɗarin. Mai lupus tana iya aure ta haihu. Abin da likitoci ke so shi ne ta ɗauki ciki bayan cutar ta lafa na aƙalla wata shida, a sauya mata magungunan da ke cutar da ɗan tayi, ta kuma fara awo da wuri.